Katin da Baffa Bai Huda Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baffana, ƙanen mahaifina, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Gwarzo, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Ni ne babba a mazan da suka rage a gidan, saboda haka ni aka zaunar a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa.

Maƙwabta da mutanen masallaci ne suka fara zuwa. Liman ya yi addu'a, ya shafa, ya ce, "Sahun gaba ya yi giɓi ta hannun dama." Bayansu sai tsofaffin abokan aikinsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Baffanka mutum ne mai wuyar sha'ani a ofis. Amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma na nema." Wani mahauci ya zauna ya ce, "Sau uku yana hana ni sayar da nama. Shekara biyu ba na gaishe shi. Yau ga ni, ba wanda ya aiko ni."

Rana ta biyu mutanen ƙauye suka iso, daga Kabo da Gammo da Lakwaya, wasu a kan babura, wasu a bayan akori-kura. Su ma suka yi addu'a kamar kowa. Amma in an shafa, sai ka ga mutum ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan guntun kwali, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Malam bai huda nawa ba."

Baƙin da suka zo daga Kano suka riƙa kallona. Ban yi musu bayani a lokacin ba, domin zaman makoki ba wurin dogon bayani ba ne. Yanzu zan yi, kuma zan bi shi daki-daki, har da inda laifina yake.

Asalinmu masu shanu ne. Kakanmu ne ya zauna ya kama noma, amma gidanmu bai taɓa rabuwa da turke ba. Baffa ya yi makaranta daidai gwargwado, ya zama malamin dabbobi, yana zagaya ƙauyuka da jakar allura. A shekarun tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Tun kafin a sallame shi ma ɗakin magani ya zama fanko. Ya dawo gida ba jaka, ba allura, amma mutane ba su daina sallama a ƙofarsa ba. Sai ya ce tunda babu abin da zai tsira wa dabba, zai rubuta abin da ya sani da abin da ya ji.

Ya sa kafinta ya yi masa akwatunan katako. Duk abin da ya rubuta a takarda, sai ya jefa a akwatin da ya dace. Sunayen akwatunan ne suka daɗe suna ba ni haushi. Ɗaya an rubuta "Ta ƙi ci". Ɗaya "Ta kumbura". Ɗaya "Tana zawo". Ɗaya "Tana ɗingishi". Na taɓa ce masa, "Baffa, ai cututtukan nan suna da sunaye, kai ma ka san su."

Ya ce, "Na san su. Mai dabba ba ya zuwa da sunan cuta. Da abin da idonsa ya gani yake zuwa."

Bayan akwati akwai zare. Kowace takarda yakan ɗaura mata zare a kusurwa. Ja na abin da ke faruwa da damina. Baƙi na abin da ba a jira, a nemi likita ko a nemi wuƙa. Fari na abin da ya ji daga bakin mata, game da kaji da awaki da nono, yawanci daga bakin marigayiya matarsa da ƙawayenta. Takarda tana da akwati ɗaya, amma zare yana ratsa duk akwatunan. In kana son na damina duka, sai ka bi ja.

Da aka zo zamanin Shari'a, mutane suka riƙa kawo masa tambayar zakkar dabbobi. Ya buɗe wa wannan akwati, amma takarda ɗaya tak ya sa a ciki, mai cewa a tafi wurin malamai. Yakan ce, "Ni malamin dabbobi ne. Malamin mutane yana masallaci." Ba ya shan sukari, amma duk mai shayin garin nan ya san ba a yar da kwalin sukari, na Malam ne. Ba ya son a tsallake masa magana. In ka katse shi, sai ya koma farko.

Babbar 'yarsa sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, can ta yi aure, can take aiki. Da wayoyi masu shiga intanet suka kai ƙauyuka, ita ta ce a ɗora rubutun Baffa a shafi, don kada gara ko gobara su cinye shi. Ta yi aikin da kanta. Akwatuna suka zama rukunai, zare ya zama alama. Kowane rukuni da kowace alama suna da adireshinsu, wanda in an rubuta a waya, kai tsaye zai buɗe wurin.

Wannan adireshi ne Baffa ya kama da hannu biyu. Ya ce mutumin Gammo ba zai zauna yana lalube a waya ba alhali sansa yana kwance. Sai ya riƙa yanka kwalin sukari, yana kwafe adireshin da hannunsa harafi bayan harafi, yana ba kowa gwargwadon abin da yake kiwo. Mai shanun huɗa ya samu na kumburi da na ɗingishi. Mai tumaki ya samu na zawo. In buƙata ta taso kuma Baffa ba ya kusa, sai mutum ya kai katinsa shagon cajin waya ko wurin duk mai karatu, a buɗe a karanta masa da Hausa. In yana miƙa kati yakan ce, "Riƙe. Ko ba na nan, wannan zai kai ka." Shekaru ana haka.

Shi da kansa ya nemi a yi na Turanci, don likitocin dabbobi su karanta su gyara masa inda ya kauce. Ƙanwata, wato 'yar tasa, ta ƙara wa shafin wata ƙaramar manhaja da ke sa shafi ya yi harshe biyu. Manhajar tana son kowane rukuni na Hausa ya samu abokinsa na Turanci, kowace alama ma haka, don in mai karatu ya sauya harshe ya faɗa wuri ɗaya. To, likitoci da sunan cuta suke aiki, Baffa kuwa da abin da ido ya gani. Abu ɗaya na Baffa yakan rabu uku a wurin likita. Suka ƙi haɗuwa.

A nan na shigo. Da ƙanwata ta zo hutun Sallah ta nuna mini a kwamfutarta, muna zaune a zaure. Ni magatakarda ne a makarantar firamare, shekaruna duka a kan jera fayil na yi su, kuma na daɗe ina jiran ranar da za a gyara akwatunan nan. Na ce mata, "Ki bi na Turancin. Ki sa wa na Hausa sunayen cututtuka, ki jera su na ɗaya, na biyu, na uku. 'Ta kumbura' ba sunan rukuni ba ne, kukan mai sa ne."

Ta ce, "Yaya, farin zaren fa? Ba shi da aboki a Turanci. In an sauya harshe, wuri ne fayau."

Na ce, "Hirar mata ba rukuni ba ce. Ki cire. Rubutun ai yana nan a sauran wuraren."

Ta yi yadda na ce. Da sunaye suka sauya, adireshi ya sauya. Ita tana Kano, ba ta san yawan katin da ya fita ba. Ni na sani. A gabana ake yanka su. Ban tuna ba, domin hankalina yana kan jeri.

Farkon damina Baffa ya kwana biyu a Kano ana duba masa ido. A kwanakin ne san huɗar wani mutumin Gammo ya ci abin da ya ci a gona, ya kumbura. Mutumin ya zo Gwarzo, ba Baffa. Ya ɗauki katinsa ya kai shagon caji. Mai shago ya rubuta sau uku, wayar tana cewa ba a samu wurin ba. Kafin ya koma ya nemo wani, sai dai aka yanka. Ya rage da sa ɗaya, ga gona tana jiran huɗa.

Bayan kwana huɗu ya zo. Ina wurin. Ya gaisa gaisuwa cikakka, ya tambayi ido, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa. Sa'an nan ya ajiye katin a kan tabarma ya ce, "Malam, ga katinka. Ya daina aiki." Bai ƙara ko kalma ba. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi.

Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba. Ya sa aka kira ƙanwata, ta zo washegari. Ta durƙusa ta yi masa bayanin manhaja da abokin rukuni. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, "Uwata, wa ya tambaye ki Turanci a Gammo?"

Ta ce, "Baba, kai ka ce a yi Turancin."

"Na ce a buɗe wa likita ƙofa. Ban ce a toshe ta manomi ba. Hannuna ne a kan katin nan. Bakina ne ya ce zai kai shi."

Ta ce, "Rubutun yana nan, ba abin da ya ɓata. Wurin zama kawai ya sauya."

Ya ce, "San yana nan?"

Ta yi kuka. Ni ina gefe, na sunkuyar da kai, ban ce ni na sa ta ba. Na rubuta wannan a nan don a sani.

Kashegari da sassafe Baffa ya kwance ɗaya daga cikin shanunsa biyu, ya sa aka kora shi Gammo, ya ce a yi huɗar bana da shi. Mutumin ya ƙi. Baffa ya aika masa cewa, "Ba kai na ba ba, gonar na ba." Tasa gonar kuwa da fartanya aka ƙarasa ta a shekarar.

Ƙanwata ta ce akwai gyara. Tana iya sa kowane tsohon adireshi ya juya da mutum zuwa sabon wurin da abin yake, ba sai an sake kati ba. Ta kuma mayar da rukunan Hausa yadda Baffa ya sa musu suna, ta bar na likitoci a nasu gefen. Matsalar ita ce, a tsawon shekarun an taɓa shafin ba sau ɗaya ba, adireshin ya ɗauki kamanni iri-iri, kuma ba wanda ya ajiye jerin abin da ke rubuce a katunan. Sai an ga kati za a san abin da ke kansa.

Baffa ya ce, "To, a je a gani."

Haka muka fara bin kasuwanni. Idonsa bai bari ya tuƙa babur, don haka ni ke goya shi duk ranar da ba ni da aiki. Tsarinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba. Zai shimfiɗa buzu kusa da 'yan awaki. Mai kati ya kawo. Ni in kwafe, in aika wa ƙanwata ta waya. In ta ce ta gyara, sai a buɗe a gaban mai katin, a karanta masa layi biyu ya ji da kunnensa. Sa'an nan Baffa ya fito da basilla daga hularsa ya huda kusurwar katin, ya mayar masa. Katin da aka huda, an gwada shi ke nan. Wanda ba a huda ba, kada a dogara da shi.

Wani dillali a Kabo ya ce masa, "Malam, duk wannan wahala a kan kwalin sukari? Ka yanka sababbi mana, ka huta."

Baffa ya ce, "Wanda ya ji labari zai zo ya karɓi sabo. Wanda bai ji ba fa? Yana can ya ajiye tsohon a ƙarƙashin tabarma, ya yarda da ni."

Dillalin ya ce, "To huda nawa, kada in mutu da shi ba huji." Aka yi dariya, har Baffa ya murmusa.

A kan hanyar dawowa daga Kabo ne, wata rana da la'asar, na kasa riƙewa. Na ce, "Baffa, ni na ce ta sauya sunayen."

Ya ce, "Duba hanya." Muka wuce wani rami. Sa'an nan ya ce, "Na sani tun ranar. Na ɗaya, na biyu, na uku. Uwata ba ta jera abu haka. Jira nake ka faɗa."

Na ce, "Ka yafe mini."

"Ni ban yi kuka ba. Ita ta yi."

Na je Kano a makon na ba ta haƙuri. Ta ce, "Yaya, ni na danna." Muka bar shi a haka.

Damina biyu muna wannan zagaye. Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni ya zare basillar daga hularsa ya ba ni. Ya ce, "Na kasuwa sun kusa ƙarewa. Saura na cikin gida. Mata ba sa zuwa wurin 'yan awaki." Na ce to. Ban gane nauyin maganar ba sai bayan ya tafi.

To, ga dalilin kwalayen da aka riƙa miƙo mini a zaman makoki. Na so in ce a bari sai an share makoki. Ƙanwata ta aiko daga cikin gida cewa kada a mayar da kowa, ta zo da kwamfutarta. Haka aka yi. Kati ya shiga, kati ya fito, a gwada, in huda. Wasu dattawa sun ga abin bai dace ba, sai Liman ya ce, "Alkawarin mamaci ake cikawa. Ku bar su."

Rana ta uku ƙanwata ta fito zaure da kanta, idonta ja, riƙe da wani kati da ya yi laushi saboda daɗewa, yana ƙanshin man shanu. Ta ce wata tsohuwa ce daga Lakwaya ta kawo, ƙawar mahaifiyarta, daga cikin kwallarta ta fito da shi. Ta ce, "Yaya, wannan ba ni da inda zan juya shi. Na farin zare ne."

Na karɓi katin na duba.

Ta ce, "Na mayar da komai ban da shi. Ba wanda ya kawo irinsa, ni kuma na ji tsoron gaya wa Baba na cire. Ya tafi bai sani ba."

Ni ina ganin ya sani. Amma ban faɗa mata ba.

Rubutun yana nan a shafin, warwatse a rukunai, sai dai ba abin da ya nuna wanne ne daga bakin mata. Abin da ya cece mu shi ne akwatunan katako suna ɗakinsa, kuma zaren yana jikin takardu. Na roƙi tsohuwar ta ba mu kwana huɗu. Ta ce, "Ɗan nan, na jira damina nawa, kwana huɗu ne zai gagare ni? Amma katina zan tafi da shi, ku kwafe."

Muka buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ni in zaro mai farin zare in karanta kansa, ita ta nemo shi a shafi ta mayar masa da alamarsa. Wasu takardun da rubutun Baffa ne tun yana da ƙarfin hannu. A kan wata ya rubuta, "Uwar gida ta ce na yi kuskure a nan, kuma ta fi ni gaskiya." Ƙanwata ta ajiye aikin ta fita, ta daɗe kafin ta dawo. Da muka gama, ta mayar da alamar a kan tsohon adireshinta, daidai da abin da ke katin. Manhajar ta nuna cewa alamar ba ta da aboki a Turanci. Ƙanwata ta dube ni. Na ce, "Bar ta haka. Ba ta rasa kowa ba."

Ranar bakwai, bayan an yi addu'a an watse, muka tafi Lakwaya ni da ita. Tsohuwar ta fito da katin. Ƙanwata ta rubuta abin da ke kai a wayarta, harafi bayan harafi, tana dubawa. Ya buɗe. Ta fara karanta na farko, a kan 'yan tsaki da ke mutuwa in ruwa ya sauka. Layin farko ya ce, "Wata baiwar Allah a Lakwaya ta gaya mini."

Tsohuwar ta ɗaga hannu. "Tsaya. Wannan ai ni ce. A tsakar gidanku na faɗa, ina taya uwarki tankaɗe, shi yana bakin ƙofa kamar ba ya ji. Ashe rubutawa ya yi." Ta sa aka karanta har ƙarshe. Ta ce, "Bai rage ba, bai ƙara ba." Sai ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Da ta natsu ta miƙo mini katin. Ta ce, "To, huda."

Na zaro basillar daga hulata. Na huda, hujin ya ɗan kauce daga kusurwa. Ta karɓa ta ɗaga shi sama ta leƙa ta ciki, ta ce ya yi.

Ban san yawan katin da ya rage ba, kuma ba zan ƙiyasta ba. Abin da na sani shi ne akwai su a kwalla da adaka da ƙarƙashin tabarma, daga nan har Kabo. Duk wanda ya karanta wannan, ya tambayi iyayensa mata da matan gidansa. In an samu katin da ba huji, kada a yar, kada kuma a dogara da shi. A kawo ƙofar gidan Baffa, ko a aiko a kira ni. Basillar tana wurina.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya haɗa shi da uwar gidansa a inda ba a rabuwa. Ya yi wa mutane alkawari cewa ko ba ya nan katinsa zai kai su. Yanzu ba ya nan. Allah Ya ba mu ikon cika masa.